FUREN RAIRAYI A DOHA: GIDAN TARIHIN DA YA RUNGUMI TSOHUWAR FADA



A bakin teku a birnin Doha, babban birnin ƙasar Katar, can ƙarshen doguwar hanyar gaɓa da suke kira Kornish, akwai wani gini wanda duk wanda ya hango shi daga nesa zai zaci guguwa ce ta kwashe faya-fayan mata daga tsakar gida ta zubar da su wuri guda. Wannan ya hau kan wancan, wancan ya soki cikin ɗan'uwansa, wani a kwance, wani a kishingiɗe, wani a tsaye a kan bakinsa. Launinsa launin rairayi ne. Manyan tituna cike da motoci sun kewaye shi, a tsallaken ruwa kuma dogayen benaye na gilashi suna ƙyalli. Wannan shi ne Gidan Tarihin Ƙasa na Katar, wanda aka buɗe wa jama'a ranar 28 ga Maris 2019. Cikin rungumar waɗannan faya-fayai akwai wani tsohon gida tsaye, na dutse da laka, wanda ya girmi sabon ginin da kimanin shekara ɗari. Masu ɗaukar hoto sukan wuce shi. Mu kuwa a ganinmu ba za a fahimci sabon ba sai an san labarin tsohon, shi ya sa za mu bi su duka biyu daga tushe.

Mu fara da abin da aka kwaikwaya. Larabawa suna kiransa wardatur rimal, wato furen rairayi, Faransawa ma haka suke ce masa da harshensu. Dutse ne, amma dutsen da ke girma. Yana samuwa a ƙarƙashin rairayi, a wuraren da ruwa mai gishiri yake kusa da doron ƙasa. Zafin rana yana jawo ruwan sama a hankali, ruwan ya ƙafe, ya bar abin da ya narke a cikinsa. Wanda ya san yadda ake yin gishiri a Bilma da Fachi ya san irin wannan aiki: mutum ya haƙa rami ya jira, rana ta yi sauran. A nan abin da ruwan ke bari wani ma'adini ne da Larabawa ke kira jibs, wanda da shi ake yin farar filastar shafe bango. Jibs ɗin yakan daskare fale-fale, kowane falle kamar ƙaramin faifai, yana haɗiye ƙwayoyin rairayi yayin da yake girma, fallayen suna ratsa juna ta kowace fuska har su zama dunƙule mai kama da buɗaɗɗen fure. Akwai wanda bai fi ƙwayar goro ba, akwai wanda ƙato ɗaya ba zai iya ɗagawa ba. Ana samunsa a hamadar Sahara, musamman a Aljeriya da Tunisiya, ana kuma samunsa a ƙasashen Larabawa.

Katar wani ɗan yatsan ƙasa ne da ya kutsa cikin Tekun Fasha. Ruwan gishiri ya kewaye ta ta fuska uku, ba ta da kogi ko ɗaya, mafi yawanta shimfiɗaɗɗiyar hamada ce da fadamun gishiri da suke kira sabkha. A irin wannan wuri, inda ruwan teku ke saduwa da rairayi a ɓoye, furen ke fitowa. Mutanen ƙasar ma tsakanin abubuwan nan biyu suka yi rayuwarsu: da sanyi ana tudu tare da raƙuma da tumaki, da zafi ana teku.

Abin da ke kai su teku shi ne lu'ulu'u. Wani jami'in Ingila mai suna Lorimer, wanda ya tattara bayanan ƙasashen Tekun Fasha a farkon ƙarni na 20, ya ƙiyasta mutanen Katar duka wajen 27,000, da jiragen neman lu'ulu'u 817, da maza kusan 13,000 a cikinsu. Wato idan lokacin fita ya yi, kusan duk namijin da ke da ƙarfi yana kan ruwa. Babbar fita takan ɗauki kimanin wata huɗu, daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da ruwa ya yi ɗumi. Mai nutso yakan matse hancinsa da wani ɗan matsi na ɓawon kunkuru, ya rataya kwando a wuya, ya sa ƙafa a igiyar da aka ɗaura wa dutse, dutsen ya ja shi ƙasa. Da numfashi ɗaya zai tsinto abin da ya samu na dangin katantanwar teku mai ɓawo biyu, wadda a cikinta lu'ulu'u ke fitowa, sannan ya girgiza igiya, abokinsa da ke cikin jirgi ya jawo shi. Ransa yana hannun mai jan igiyar. Haka za a yi ta yi daga safe zuwa yamma, a kan ƴan dabino da gahawa, sai dare a ci shinkafa da kifi. A jirgi akwai mawaƙi da suke kira nahham, wanda aikinsa shi ne ya riƙe zukatan mutane kada su karaya. Mafi yawan masu nutso da bashi suke fita: shugaban jirgi ya ba su kuɗin da za su bar wa iyali, a cire daga rabonsu, idan shekara ba ta yi kyau ba bashin ya haura zuwa ta gaba, wani lokaci har ɗa ya gaji bashin ubansa.

A wannan zamani aka gina tsohon gidan. Shaikh Abdullahi bin Jasim Al Thani ne ya gina shi a unguwar Salata, dab da ruwa, a farkon ƙarni na 20. Mahaifinsa, Shaikh Jasim bin Muhammad, shi ake ɗauka wanda ya kafa ƙasar, shi ne ya ci sojojin Turkawan Santambul da yaƙi a Wajba a 1893. Da ya rasu a 1913, Shaikh Abdullahi ya gaje shi. Turkawa suka kwashe sojojinsu a 1915, a 1916 kuma Shaikh ya sa hannu a yarjejeniyar da ta sanya Katar ƙarƙashin kariyar Ingila. A waɗannan shekaru gidan Salata shi ne mazaunin iyalinsa, shi ne kuma fada.

Wanda ya tashi a cikin gidan ƙasa ba zai ji baƙunta a wannan fada ba. Bangonta dutsen gaɓa ne da aka haɗa da laka. Rufinta gungumen itace ne da jirage ke kawowa daga gabashin Afirka da Indiya, a jera su kamar yadda muke jera azara, a shimfiɗa gora da tabarmi a kai, a zuba ƙasa a daɓe. Tsawon itacen shi ke ƙayyade faɗin ɗaki, shi ya sa ɗakunansu dogaye ne marasa faɗi. Akwai tsakar gida, akwai majalisa inda maza ke zama, akwai rumfuna masu baka da ke tare rana su bar iska ta wuce. Daga ƙarshe a shafe bango da filastar jibs, a sassaƙa mata ado. Mu riƙe wannan, domin za mu dawo gare shi: ma'adinin da ke haifar da furen rairayi, da shi aka shafe fadar.

Sai wahala ta zo, ta zo kuma a jere. A 1925 wata guguwa ta afka wa jiragen lu'ulu'u a tsakiyar teku ta nutsar da masu yawa, har shekarar ta samu suna a bakin mutanen yankin, shekarar nutsewa. A Japan, Mikimoto Kokichi da wasu ƴan ƙasarsa sun riga sun gano hanyar sa katantanwar ta yi lu'ulu'u a gonar ruwa, kayansu suka cika kasuwa da araha. A 1929 tattalin arzikin duniya ya karye, attajiran Turai da Amurka suka daina sayen kayan ado. Jirage suka ruɓe a gaɓa. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse hanyar shinkafa. Iyalai da yawa suka yi ƙaura zuwa Baharain da gabashin ƙasar Saudiyya neman abin sawa a baki, har ana ƙiyasin cewa a ƙarshen shekarun 1940 mutanen da suka rage a Katar ba su fi 16,000 ba. Shaikh Abdullahi ya ba kamfanin Ingila izinin neman mai a 1935, aka samu man a Dukhan a 1939, amma yaƙi ya tsayar da aiki, sai a ƙarshen 1949 jirgin farko ya tashi da ɗanyen mai. A wannan shekarar ce Shaikh ya sauka daga mulki ya miƙa wa ɗansa Ali.

Abin da talauci ya bari, wadata ta zo ta same shi. Da kuɗi suka shigo, siminti ya shigo, na'urar sanyaya ɗaki ta shigo, aka fara rushe tsofaffin unguwanni ana shimfiɗa tituna. Ba za mu zargi mutanen da suka sha yunwa don sun so gida mai ruwan famfo ba. Wanda ya kwana a ɗakin da ke yoyo ba ya ganin tarihi a jikin bango, wahala yake gani. Fadar Salata kuwa tun da daɗewa sarauta ta bar ta ta koma wani wuri a tsakiyar gari, ta zama kango, gishirin ƙasa yana cin gindinta, rufinta yana zubewa. Abu kaɗan ya rage ta bi sauran.

Katar ta samu ƴancin kanta ranar 3 ga Satumba 1971. A 1972 Shaikh Khalifa bin Hamad ya hau mulki, cikin ayyukansa na farko kuwa har da umarnin a gyara fadar kakansa a mai da ita gidan tarihin ƙasa. Aka nemo tsofaffin magina da dattawan da suka san gidan yana raye, aka tayar da abin da ya faɗi, aka ƙara sabon sashe na ajiye kaya, aka haƙa tafki aka jera jiragen gargajiya a ciki. An buɗe shi a 1975. A 1980, karon farko da aka ba da Kyautar Aga Khan ta tsarin gine-gine, wannan gida yana cikin waɗanda suka samu. Sunan kyautar ba baƙo ba ne a wurinmu, domin a 1986 ita ce aka ba masallacin Yama na jahar Tawa, ginin ƙasa da Alhaji Falke Barmu ya jagoranta tare da mutanen garinsa. Alƙalan da suka ga daraja a bangon dutse da laka na Doha, irinsu suka ga daraja a ginin ƙasa na Adar.

Bayan haka ƙasar ta sake canzawa fiye da yadda mai ya canza ta. A 1971 an gano wani makeken rumbun iskar gas a ƙarƙashin teku, arewa da ƙasar. A farkon 1997 jirgin farko ɗauke da gas ɗin Katar ya isa Japan. Ikon Allah, ƙasar da lu'ulu'unta ya kashe kasuwar kakanni ita ce ta fara sayen arzikin jikoki. Cikin shekaru kaɗan Doha ta cika da benaye, jama'ar ƙasar suka doshi miliyan 3, ƴan asalin ƙasa kuwa ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba. Yaro ya tashi a gida mai sanyi, yana jin harsuna goma a kan titi, kakansa da ya yi nutso yana zaune a kusurwa da idanun da gishiri ya cinye, tsakaninsu shekara sittin kawai amma kamar ƙarni uku. Tambayar da ta taso wa shugabanni ita ce yadda za a gaya wa wannan yaro ko shi wane ne. Ƙaramin gidan tarihi na 1975 ya yi wa wannan aiki kaɗan.

Hukumar gidajen tarihi ta ƙasar, ƙarƙashin Shaikha Al Mayasa bint Hamad, ta fara da Gidan Tarihin Fasahar Musulunci, wanda aka buɗe a 2008. Mai zanensa, I. M. Pei, ya zagaya ƙasashen Musulmi yana neman abin koyi, ya same shi a ginin wurin alwala na masallacin Ibn Tulun a Alƙahira. Wannan ya dace, domin gidan na al'ummar Musulmi ne baki ɗaya. Gidan tarihin ƙasa kuwa yana bukatar alama daga Katar kanta. An ba Bafaranshe Jean Nouvel aikin, mutumin da ya zana Cibiyar Duniyar Larabawa da aka buɗe a Paris a 1987, ya kuma samu kyautar Pritzker a 2008, wadda ita ce mafi girma a wannan sana'a. Katar ba ta da dala irin na Masar, ba ta da tsohon masallaci da duniya ta sani. Tanti na mutanen tudu ne, jirgi na mutanen gaɓa ne, wanda aka zaɓa cikinsu an bar rabin jama'a a waje. Furen rairayi kuwa ba na wata kabila ba ne, ya kuma riga kowa zuwa ƙasar, ga shi teku da hamada ne suka haɗu suka haife shi. Nouvel ya ɗauki abin da ake riƙewa a tafin hannu ya faɗaɗa shi har ya zama unguwa.

An nuna zanen a 2010, kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu ya karɓi aikin ginin a 2011. Faya-fayai 539 ne suka haɗu suka zama gidan, mafi ƙanƙanta faɗinsa mita 14, mafi girma mita 87. Kowanne ƙashinsa ƙarfe ne, an lulluɓe su da fallayen kankare kimanin 76,000, kankaren da aka cakuɗa da zaren gilashi don ya yi ƙarfi ba tare da nauyi ba, aka rina shi da launin rairayi. A wannan gida faifai ɗaya yana iya zama rufin wani ɗaki, ya ratsa ya zama bangon wani. Lissafin inda kowanne ke haɗuwa da ɗan'uwansa da nauyin da zai ɗauka ya fi ƙarfin takarda da alƙalami, sai da kwamfuta. Aikin ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka tsara.

Siffar ba ado kaɗai ba ce. A Doha zafi yakan wuce digiri 40 a watannin bazara. Bakin faya-fayan yana miƙowa waje sosai, ya yi inuwa a kan hanyoyi, tagogin gilashi kuma an cusa su can ciki tsakanin faifai da faifai, inda rana ba ta dukansu kai tsaye. Ginin ya zagaye wani babban fili da suke kira baraha, Nouvel kuma ya kamanta tsarin da masaukin ayari. Mu da muka gaji kalmar zango mun san abin da yake nufi: wuri a kewaye, ɗakuna a gefe, tsakiya a buɗe don sauke kaya da haɗuwar baƙi. A waje an yi lambu da itatuwa da ciyayin da suka saba da hamada. A cikin tafki mai sassaƙa Jean-Michel Othoniel ya kafa maɓuɓɓugan ruwa 114, baƙaƙe, masu lanƙwasa kamar karan fadama, masu kuma tuna wa mai kallo jan alƙalamin rubutun Larabci. Har shagon sayar da tsaraba an yi shi da katako a siffar kogon Dahl al-Misfir, wani kogon jibs da ke tsakiyar ƙasar.

A ciki akwai zaure 11, a jere a kan hanya mai tsawon kimanin kilomita 1.5, ƙasa tana ɗan hawa tana ɗan gangarawa. Labarin ya kasu uku: farkon ƙasar da halittunta, rayuwar mutane a tudu da gaɓa, sannan tarihin zamani. Da yake bangon a karkace yake, ba ya karɓar rataye hoto, sai aka mai da shi allon majigi. An gayyato masu shirya fim suka yi finafinai daidai da siffar kowane bango, cikinsu har da Abderrahmane Sissako na Muritaniya da Mira Nair ta Indiya, wadda ta yi na masu nutso. Akwai kayan da aka tono a Zubara, tsohon birnin fataken lu'ulu'u da ke arewa maso yamma, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013, a zama ɗaya da tsohon birnin Agadas. Akwai kuma muryoyin dattawa maza da mata da aka ɗauka suna ba da labarin rijiya da raƙumi da yunwa da bakinsu. Mu da muke zama kusa da dattawa muna rubuta abin da suka faɗa mun san darajar wannan, mun kuma san yadda yake kuɓucewa: ana cewa gobe za a zo da abin ɗaukar magana, goben ta zo a tarar ana zaman makoki.

Abin da ya fi jan jama'a a ciki shi ne dardumar Baroda. Wani sarki a Indiya, Khande Rao Gaekwad, wanda ba Musulmi ba ne, ya sa aka saƙa ta a 1865 da niyyar aika ta kyauta zuwa kabarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina. Ya rasu a 1870 ba a kai ta ba. An jera mata ƙananan lu'ulu'u kimanin miliyan 1.5 na Tekun Fasha, tare da daiman da yaƙutu da zumurrudu. A 2009 aka yi gwanjonta a Doha a kan kusan dala miliyan 5.5. Mai kallo yakan tsaya yana mamakin ƙyalli. Ya kamata kuma ya tuna cewa kowace ƙwaya da ke jikinta wani bawan Allah ne ya riƙe numfashinsa ya sauka ƙasan teku ya ɗauko, kuma ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Cikin waɗannan marasa suna akwai ƴan Afirka da yawa da aka kawo a matsayin bayi, mafi yawa daga gabashin nahiyar. Ba a haramta bauta a Katar ba sai 1952. Ƙasar ta buɗe wani gida dabam a unguwar Mushairib, gidan Bin Jalmud, don ba da wannan labari, abin da ba kowace ƙasa a yankin ta yi ba. Tambayar ba ta ƙare da zamanin lu'ulu'u ba. Sabuwar Doha, da benayenta da filayen ƙwallonta da gidajen tarihinta, hannun baƙi ne ya gina ta, ƴan Indiya da Nepal da Bangaladash da Filifin da ƙasashen Afirka. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun daɗe suna sukar tsarin kafala, wanda ke ɗaure ma'aikaci ga wanda ya kawo shi. A 2020 aka yi dokar da ta ba ma'aikaci damar canza wurin aiki ba sai da izinin maigidansa ba, aka kuma yanke mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 a wata. Gidan da ke cewa yana ba da labarin ƙasa, wata rana za a tambaye shi wane zaure ya ware wa waɗanda suka ɗora faifai a kan faifai cikin wannan rana.

An buɗe gidan a lokacin da Katar take cikin ƙunci na siyasa. Tun Yuni 2017 Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Baharain da Masar suka yanke hulɗa da ita suka rufe mata iyaka, ba a sasanta ba sai Janairu 2021. A irin wannan hali, alamar da aka tono daga ƙarƙashin rairayin ƙasar kanta ta ƙara nauyi a zukatan mutane fiye da yadda mai zanen ya yi zato lokacin da ya fara.

Idan mai ziyara ya gama zagaya zaurukan nan 11, hanya takan fito da shi a ƙofar tsohuwar fada. Da gangan aka tsara haka. Yayin da ake ɗora faya-fayan ƙarfe, wasu masana daga Jamus suna can suna sake gyara fadar, suna cire simintin da aka liƙa mata a gyare-gyaren baya, wanda ke riƙe danshi da gishiri a cikin bango, suna mayar mata da irin kayanta na asali. A nan ne abin da muka ce a riƙe yake dawowa. Sabon gini ya ɗauki kamannin furen rairayi, amma jikinsa ƙarfe ne da kankare da gilashi, da na'urar sanyi yake numfashi. Tsohuwar fada ba ta kama da fure ko kaɗan, amma da dutsen wurin da lakar wurin da jibs aka yi ta, maginanta kuma sun san inda iska ke fitowa. Ɗaya ya kwaikwayi halitta da ido, ɗaya ya zauna da ita. Ba mu faɗi haka don rage darajar aikin Nouvel ba. Gini ne na ban mamaki, kuma mafi kyawun abin da ya yi shi ne da ya san girman tsohuwar ya kewaye ta bai taka ta ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin lura shi ne jerin yadda abubuwa suka faru. An ceci fadar tsakanin 1972 da 1975, tun kafin kuɗin gas, tun kafin kowa ya yi mafarkin furen kankare. Da an bar ta ta faɗi a lokacin, duk dukiyar da ta zo daga baya ba za ta sayo ta ba, sai dai a gina mai kama da ita a rubuta mata suna. Kuɗi suna kawo mai zane daga Paris da kamfani daga Koriya a duk ranar da aka same su. Bangon da kaka ya jingina da shi kuwa, in ya tafi ya tafi.

Wannan shi ne abin da ya shafe mu. Ba mu da rumbun gas irin na Katar, ba kuma lalle ne mu yi gini mai faifai 539 ba. Amma muna da fadar Damagaram da gidajen Birni masu zane a goshi, muna da hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, muna da masallacin Yama, muna da Gidan Tarihi na Bubu Hama a Yamai tun 1959. A farkon Satumba 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe, mutane suna kallo a wayoyinsu. Ginin ƙasa ba ya neman abu mai yawa: yaɓe kafin damina, gyaran indararo, magini da ya san sana'arsa kuma ya samu yaron da zai koya wa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kowane gari namu, da kowane zango daga Kumasi zuwa Garwa, akwai wani zaure da aka yi shari'a a cikinsa, aka ɗaura aure, aka sauke baƙi, wanda yau magada ke shawarar rushewa su yi shaguna. Akwai kuma wani tsoho da ya san labarin zauren, wanda ba a ɗauki maganarsa ba tukuna.

Wanda Allah Ya ba ikon zuwa Doha, ya shiga furen ya sha kallo, amma kada ya juya sai ya kai ƙarshen hanya ya tsaya a tsakar gidan Shaikh Abdullahi ya ɗaga kai ya dubi rufin. Idan ya dawo, ya je ya dubi na kakansa kafin ruwan bana ya sauka.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.